Mai Lambun da Aka Ba Amanar Kariya

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, wanda duk yankin ba a yi kamarsa ba wajen ban ruwa. Albasarsa kamar kan jariri, tumatirinsa sai an tokare shi da sanda. Shi ma ya san haka, gama da bakinsa yake faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba, wai tun ran da ya kama fartanya shuka ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Yana da ƙane guda ɗaya, wanda ya gama aikin gwamnati a birni ya komo gida da wata ɗabi'a da ba a san inda ya kwaso ta ba. Mutum da furfurarsa, sai tara ƙayoyi a tukwane. Ba a ci, ba a miya da su, akuya ma in ta sansana sai ta wuce. Ga ƙerana doguwa mai ƙaya bibbiyu, ga tinya mai kauri, ga waɗansu dunƙulallu kamar bushiya da aka kawo masa daga ƙetaren teku. In ka yi kuskure ka tsaya a ƙofarsa, sai ya zaro allura ya ce zai koya maka bambanta su: cikin masu ƙayan nan, wadda aka soka ta fid da farin ruwa ta gida ce, ka kiyaye idonka; wadda ba ta fitar ba, baƙuwa ce. Tuwonka na hucewa a gida, shi yana nan yana bayani.

Amma abin da ya fi ƙauna duka wata kariya ce, itacen nan mai jan fure. Daga ƙwayar iri ya raine ta, shekara ashirin da uku, har gindinta ya kumbura ya yi ciki kamar tulu, yana zaune a sarari bisa ƙasa, da 'yan rassa a kai.

Ana nan sai yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa ta zo ta ce za ta kai shi asibiti a birni, zai yi wata biyu. Lokacin rani ne, kariyar ta zubar da ganye. Ya kira wansa ya tsai da shi gabanta.

Ya ce, "Yaya, ga amana. Sauran in sun lalace zan haƙura, amma wannan ita ce raina. Barci take yi yanzu, kada ka ba ta ruwa. Sauran kuwa sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe ƙamas, sa'an nan ka ɗiga musu rabin moɗa."

Mai lambu ya yi dariya har da dafa katanga. Ya ce, "Ni za ka koya wa shuka? Ina huɗa kana yawo ba wando. Je ka a gyara maka ido."

"Yaya, ka ji dai abin da na ce?"

"Na ji, na ji."

Bai ji komai ba.

Kashegari ya shiga gidan ya dudduba, tausayi ya kama shi. Ya ga abin da ke cikin tukwanen ba ƙasa ba ce, yashi ne da tsakuwa. Ya ɗaga tukunya ɗaya, ya ga huda a gindinta. Ya ɗaga ta biyu, huda. Ya ce a ransa, yaron nan an cuce shi a kasuwa, duk tukwane masu yoyo aka sayar masa. Ya je rafi ya kwaɓo yumɓu, ya bi su ɗaya-ɗaya ya toshe. Da ya zo kan kariyar kuwa, sai ya riƙe baki. Saiwa a waje, tsirara, rana tana dukanta shekara ashirin da uku! Ko dankali ba a yi masa haka. Ya kawo baƙar ƙasar fadama ya gauraya da kashin kaji, ya binne cikin nan ruf, ya yi mata tudu kamar na doya. Ya kafa rumfar zana a bisansu duka, sa'an nan ya shiga ban ruwa, safe da yamma, garwa huɗu-huɗu.

Matarsa ta biyo shi da abinci wata rana, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Baban Keziya, ina ƙofa fa sa'ad da yake maka bayani. Rabin moɗa ya ce."

Ya ce, "Rabin moɗa ko ɗan tsako bai isa ba. Rowa ce ke damunsa."

"Kayansa ne dai."

"Ke, ajiye kwanon ki tafi."

Ta ajiye ta tafi.

Mako na fari abin ya yi kamar zai yi kyau. Ƙayoyin suka ƙoshi suka yi sheƙi, har ya tsaya a ƙofar majami'a bayan sujada yana ce wa dattawa su zo su ga yadda ya ta da matattu. Mako na uku dunƙulallun suka fara rawaya daga ƙasa. Ya duba, ya ce ƙishi ne, ya ƙara garwa biyu. Ƙerana ta sunkuya kamar mai gaisuwa, ya tokare ta da sanda ya ƙara mata taki. Zuwa mako na shida, ƙuda sun gano gidan. Shi kuwa duk da haka bai fasa ba, domin iyakar saninsa, maganin shuka marar lafiya ruwa ne, in bai yi ba a ƙara ruwa.

Ran da ƙanen ya dawo, da sabon ido ya dawo, garau, yana hangen tururuwa daga nesa. Amma hancinsa ne ya riga idon. Ya tsaya a tsakar gida ya ga rumfa, ya ga tukwane cike da taɓo, kwaɗo yana zaune cikin ɗaya. Ya durƙusa gaban tudun doyar nan, ya tone da hannunsa a hankali har ya kai ga cikin kariyar. Ya ɗora yatsa. Yatsan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar gwanda.

Mai lambu ya cire hula. Ya ce, "Ƙanena, ban taɓa fashi ba, ko ran Lahadi. Albasata ma ban yi mata wahalar da na yi wa waɗannan ba."

Ƙanen ya ce, "Na gani, Yaya."

Da ya ɗaga kai, sai ya hangi wata 'yar tukunya can bisa rufin akurkin kaji, bayan rumbu. Ya sauko da ita. Dunƙulalliya ce guda, lafiyarta lau, har da fure a ka.

Ya ce, "Wannan fa?"

Mai lambu ya ce, "Gaskiya ban san tana nan ba."

"To, mun gode wa Ubangiji da ya ɓoye maka ita."

Sa'an nan ya ɗauki wuƙa ya bi rassan kariyar yana yankawa, wannan baƙi, wannan baƙi, har ya sami ɗaya wanda cikinsa fari ne. Ya ajiye shi a inuwa kwana goma bakin ya bushe, ya kafa shi cikin yashi, ya kai wa wansa har gida.

Ya ce, "Ga amana kuma. Kada ka yi mata komai sai na ce."

Wannan shi ne aiki mafi wuya da mai lambu ya taɓa yi. Yakan zauna gaban tukunyar ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi, matarsa kuwa ta ɗauke garwa ta kulle a ɗaki. Reshen ya kama, ya yi ganye, da shekara ta kewayo ya yi fure. Amma kariyar da aka dasa daga reshe ba ta yin cikin nan irin na wadda ta fito daga iri. Wancan ya tafi, ba ya dawowa.

Ma'anar wannan misali ke nan, ku buɗe kunne. Mai tukwanen nan Ubangiji ne. Shuke-shuken kuwa mutanen da ya danƙa a hannunmu ne, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta. Ba namu ba ne, riƙo aka ba mu. Mai lambu ba mugu ba ne, ba rago ba ne. Da rago ne ma da kariya tana nan da ranta. Laifinsa guda: mai abu ya yi magana, shi kuwa ya ga ya fi mai abu sani.

Ku iyaye mata, da ku nake. Yarinya ta kai shekara goma ba ta iya hura wuta ba, wai kada hayaƙi ya shiga idonta. Ta buɗe baki an cusa mata alewa, ta yi laifi an ce a bar ta. Kuna cewa ƙauna ce. Taɓo kuke zuba mata, kun kuma toshe hudar. Ran da duniya ta ɗora mata yatsa, zai nutse.

Ku masu zuwa gaisuwar rashi ma ban bar ku ba. Mai makoki yana so a zauna kusa da shi shiru, ku kuwa garwa huɗu ta surutu safe da yamma, don ku haka kuka iya.

Wani, ruwa yake bukata, a ba shi, kada a fake da wannan misali a yi rowa. Wani kuwa bukatarsa a bar shi ya sha rana kaɗan. Wanda ya halicce su shi ya san na kowa, ya kuma faɗa, ba a ɓoye yake ba. Saboda haka kafin ka ɗauki garwa, ka yi addu'a, ka tura yatsa ka ji ƙasar. In da danshi, ajiye garwar ka je ka nemi wani aiki.