Dambun Inna Marka Sau Biyu Ake Turara Shi

Akwai wani matashi a Kano mai suna Mahbub, amma in ba ka ce "Loma Ɗaya" ba, da wuya a gane wanda kake nufi. Sana'arsa yawon cin abinci. E, sana'a ce yanzu, kada ku yi dariya. Yau yana wannan gari, gobe yana wancan, duk inda ya ji an ce ana wani abinci mai daɗi sai ya je da wayarsa. Ya ɗebi loma ɗaya, ya tauna a gaban waya, ya yanke hukunci, ya ƙara gaba.

Kuma fa ana jin maganarsa. In ya yabi tsirenka, kafin sati ka rasa inda za ka sa mutane. In ya yatsine fuska kuwa, sai dai ka yi haƙuri.

Matsalar Mahbub ɗaya ce, ba ya iya zama. Ko a kan kujera yake ƙafarsa rawa take yi. Mahaifiyarsa Hajiya Sauda ta sha ce masa, "Kai kullum kamar wanda aka biyo. Wa ke korarka ne?" Sai ya yi dariya ya ɗauki makullin mota.

Wata ranar damina ya ɗauki hanyar Gwarzo. A Kabo ya tsaya ya taɓa waina da miyar taushe, ya kurɓi fura a tsaye, ya ciji tsire guda ya bar sauran. A nan wani direba, Malam Jibirin, ya ce masa, "Alhaji, in dai ba ka ci dambun Inna Marka a bakin tashar Gwarzo ba, to yawon banza ka yi."

Kafin Malam Jibirin ya rufe baki, Mahbub ya tayar da mota.

Ya sami Inna Marka a ƙarƙashin wata rumfar kara. Dattijuwa ce 'yar siririya, mara yawan magana, daga Madadi take zuwa kullum da kayanta. Ya tarar ta sauke madambaci ke nan, ta juye tsakin masara a babbar ƙwarya yana ta tururi, tana shirin zuba zogale da albasa da dakakkiyar gyaɗa.

"Inna, a zubo min dambu, sauri nake."

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Ya hanya? Zauna ga benci, bai yi ba tukuna. Sai na haɗa na sake turara shi."

"Haba Inna, ga shi nan yana tururi. Loma ɗaya kawai zan yi."

"Ko rabin loma ne bai yi ba. Ka ɗan jira."

Jira? Mahbub? Ta juya ɗauko itace ke nan ya zura cokali a cikin ƙwaryar, ya ɗaga waya, ya kai baki. Tsakin bai nuna ba, ai dole ya ji garas-garas. Ya tofar a gefe, ya dubi waya ya ce, "Jama'a, wannan shi ne dambun da ake ta zuzutawa. Wallahi tsakuwa ce zalla!"

Inna Marka ta juyo da itace a hannu ta ce, "Na fa gaya maka bai yi ba."

Wannan maganar tata ita ce ya yanke ya yar kafin ya saki bidiyon. Ku riƙe wannan, don a nan laifin yake. Ya san gaskiya sarai, amma ya ga tofarwar ta fi ban dariya.

Bidiyo kuwa ya zagaya. Shi ko a jikinsa, washegari ma yana wani garin yana cin kifi.

Bayan kamar wata biyu, Hajiya Sauda ta kwanta. Zazzaɓi mai naci, har sai da aka ba ta gado a asibiti. Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya gagara. Kwana biyar ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa.

Mahbub ya zagaye Kano kaf. Wa ya kai shi sanin inda ake abinci mai daɗi? Ya kawo farfesun kaza, ya kawo sinasir, ya kawo kunun gyaɗa da zafinsa. Ta kalla, ta juya fuska bango. Duk sanin da yake taƙama da shi ya tashi a banza a gaban uwarsa, kuma abin ya tsorata shi ƙwarai.

Da safen kwana na shida likita ya kira shi gefe shi da ƙanwarsa Zulaiha, ya ce, "Zan dawo ƙarfe biyar na yamma. In har ba ta ci komai ba, dole mu sa mata robar abinci ta hanci."

Hajiya Sauda ta ji. Ta kama hannun Zulaiha tana girgiza kai, hawaye na bin kuncinta. Ba abin da take tsoro kamar robar nan.

Mahbub ya durƙusa a bakin gado. "Umma, don Allah me kike sha'awa? Ko a ina yake zan kawo."

Can ta ce, "Dambu."

Ya miƙe zumbur. "Yanzun nan, akwai wani gidan abinci a nan kusa..."

"Ba na nan ba. Na Marka. Marka ta garinmu Madadi, da ke saidawa a tashar Gwarzo."

Ya san mahaifiyarsa 'yar Madadi ce, amma rabonsa da garin tun yana ƙarami, bai taɓa kawo wa ransa cewa ta san matar nan ba. Ya fita da gudu.

Yadda ya tuƙa motar nan sai Allah. Ya wuce mai wainar Kabo ko kallon wajen bai yi ba. Yana isa tashar Gwarzo ya nufi rumfar, ya tarar da ita fayau, duwatsun murhu a warwatse, wata akuya kwance a inda bencin yake.

Malam Jibirin direba yana gefe yana jiran fasinja. Ya gane shi nan take.

"A'a, Loma Ɗaya! Ka dawo neman wata tsakuwar?"

"Don Allah ina Inna Marka?"

"Ai kai za a tambaya. Tun da ka saki abin nan yara suka sa ta a gaba, Marka mai tsakuwa, Marka mai tsakuwa. Matar da ta shekara talatin a nan ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. Rannan ta kwashe kayanta ba ta ƙara dawowa ba. Mu ma ka raba mu da kalacinmu. Ni da na tura ka, har yau kunyarta nake ji."

Ya kwatanta masa gidan yana hararar sa.

Hanyar Madadi ta sha ruwa, mota na ta zamewa a taɓo, waya na ta ƙara. Zulaiha ce. "Yaya, kana ina? Ta ƙi ko shayi." Ya dubi agogo, sha ɗaya saura.

Ya yi sallama a ƙofar gidan sau uku kafin Inna Marka ta leƙo zaure. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi. Wannan karon Mahbub ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi damina. Ta amsa duka, ba yabo ba fallasa.

"Inna, na zalunce ki. Na san bai yi ba, kin gaya min, na yanke wajen. Ki yafe min. Mahaifiyata ce a asibiti, kwana shida ba ta ci ba, ta ce sai dambunki."

"Ai na rataye madambaci, ɗan nan."

"Inna, ki taimaka. Sunanta Sauda, 'yar nan garin ce."

Dattijuwar ta dafa bango. "Sauda ta gidan Malam Nasir? Kai ɗan Sauda ne?" Ta dube shi ta ce, "Allah Sarki. Shigo ciki."

Ya yi tsammanin nan da nan za a gama. Ina! Sai da ta auno tsaki, ta wanke, ta rege, ta zuba a kwando ta ce a bari ya tsane. Mahbub ya zauna, ya miƙe, ya je ƙofa, ya dawo.

"Inna, ba za a iya ɗorawa haka ba?"

"Zai caɓe." Ta turo masa damin zogale da ta karyo a bayan ɗaki. "Tunda hannunka ba ya zama, tsige wannan. Ban da itacen."

Ga Loma Ɗaya, mai dubban mabiya, zaune a kan turmi yana tsigar zogale, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta ɗora madambacin ƙasa a kan tukunya, ta liƙe bakin da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya gudu. Itacen damina ne, sai hayaƙi yake. Aka kira azahar. Ya je ya yi salla ya dawo, har yanzu tana zaune tana gyara wuta.

Waya ta sake ƙara. "Yaya, ɗaya da rabi fa! Nas ta kawo robar ta ajiye a kan tebur, Umma sai kallonta take yi."

Kamar ya yi kuka. Yana ajiye waya Inna Marka ta sauke madambaci ta juye a ƙwarya, tururi ya tashi. Ya yi tsalle ya miƙe.

"Alhamdu lillahi! Inna, ina kwano?"

Ta ɗebo cokali guda ta miƙa masa. "Ɗanɗana."

Ya kai baki. Garas-garas, daidai irin na rannan.

"Shi ka ci a tasha," in ji ta. "Shi za ka kai wa Sauda?"

Ya haɗiye da ƙyar. Bai tofar ba. Ya koma kan turmi ya zauna, ya kife wayar a ƙasa.

Ta yayyafa ruwa, ta zuba zogalen da ya tsige, da albasa, da attaruhu kaɗan saboda mara lafiya, da gyaɗa da gishiri. Ta cuɗa da hannu a hankali, ta mayar madambaci, ta sake liƙewa. Wallahi zaman nan ya fi masa duk tafiyar da ya taɓa yi tsawo. Ƙafarsa na rawa, ya sa hannu ya danne ta. Bai ƙara tambaya ba.

Da ta buɗe karo na biyu, ƙamshin ma daban. Ta zuba soyayyen man gyaɗa, ta ba shi cokali. Dambu ya yi laushi, ya yi wara-wara, zogale ya kama jikinsa.

Ta cika kwano, ta rufe, ta ɗaure da zane. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye.

"Ba a aika wa Sauda dambu a hannun mai sauri. Bari in ɗauko mayafina."

Uku saura suka bar Madadi. Duk sanda ya taka mota sai ta ce, "A hankali, ɗan nan, so nake mu isa." Biyar saura kwata suka shiga ɗakin, robar na nan a kan tebur.

Hajiya Sauda na ganinta ta yunƙura. "Marka?"

"Ni ce, Sauda. Haka kika koma? Tashi ki ci, ba na son gardama."

Ta kwance zanen, ƙamshi ya cika ɗakin. Hajiya Sauda ta sa hannu. Loma ɗaya. Ta ƙara ta biyu, ta uku, ta nemi ruwa, ta ci gaba. Zulaiha ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da likita ya shigo ya ga kwano a cinyarta, ya yi murmushi ya ce wa nas ta ɗauke robar.

Sai da ta ci kusan rabi sannan ta dubi ɗanta.

"Na ga bidiyon nan naka tun ranar da ka sake shi. Baƙin ciki ya hana ni yi maka magana. Ka san a hannun wa Marka ta koyi dambu?"

Ya girgiza kai.

"A hannun mahaifiyata. Tare muke zama muna tsige mata zogale. Ita ta rasu, ni birni ya sa na manta, Marka kaɗai ta riƙe shi. Dambun kakarka ka tofar a gaban duniya, Mahbub."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan takalminsa.

Ranar da Inna Marka ta koma rumfarta, shi ya ɗauko mata madambacin a motarsa. Ya kafa waya ya faɗa wa mabiyansa abin da ya yanke, da bakinsa, bai rage komai ba. Sannan ya zauna a benci tsakanin Malam Jibirin da sauran direbobi. Da ta sauke na farko tururi ya tashi, wani baƙo ya miƙo kwano yana cewa sauri yake, Mahbub ne ya matsa masa wuri ya ce, "Malam, zauna. Bai yi ba tukuna."

Darasi: Kada ka yanke wa aikin mutum hukunci tun bai gama ba, kuma kada ka ɓoye gaskiyar da ka sani don a yi dariya. Abin da ka rushe cikin minti ɗaya da wayarka, wani ya shekara talatin yana gina shi, kuma ba ka san ranar da za ka tsuguna a ƙofarsa ba. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani, ko da kuwa ku ne, ku sake karantawa.