Rigar da Kare Ya Biyo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can bakin dawa, tun zamanin da barewa ke zuwa kiwo har gindin ganuwa. Sunansa Anaruwa, don ana tsuga ruwa aka haife shi. Ku matso ku saurara, mai goyo ta jijjiga nata ya yi shiru.

Anaruwa manomi ne da damina, maharbi da rani. Ba shahararre ba ne, kada a yi masa ƙarin gishiri, makaɗan maharba ba su taɓa kama sunansa ba. In ya samo zomo ya gode wa Allah. In ya samo zabon daji ya gode wa Allah. In kuwa ƙaya kaɗai ya kwaso a ƙafa, nan ma ya gode wa Allah, ya zauna ya cire abarsa.

To, wata shekara damina ta yi gardama, rumbu bai cika ba. Ga matarsa Lanti ta haihu tana jego. Ku mata kun sani, mai jego ba a barinta da kunun kanwa kaɗai, jikinta nama yake nema, gasasshe, da yaji. Ɗan akuyan da aka yanka ran suna kuwa tuni ya bi dangi da maƙwabta. Lanti ta rame, nono ya ja baya, jinjiri sai kuka. Ana cikin haka Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya sa ranar babbar farauta. Anaruwa ya ce, "Lanti, in Allah ya yarda za ki ci nama."

Sai dai ba shi da rigar shiga daji. Tasa sarƙaƙiya ta yi mata kaca-kaca tun bara, har ta koma tsumman goge fitila. Rigar farauta kuwa ba kowace riga ba ce. 'Yar shara ce ta saƙi mai kauri, ba ta da hannu don kada tsirkiyar baka ta kama, da aljihun wuƙa, launinta ƙasa-ƙasa yadda nama ba zai hango mutum ba. Wanda ya shiga ƙaya ba ita, da fatarsa zai biya.

Ran kasuwa ya sayar da ɗan waken da ya rage masa, ya ƙulle abin da ya samu, ya nufi rumfar dillalin riguna. Can ya tarar da Jatau, taubashinsa, shi ma maharbi, mai ɗan abin hannu kuma mai baki.

Jatau ya ce, "A'a, ga bawana! Me ya kawo ka rumfar manya?"

Anaruwa ya ce, "Na zo in ga ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba."

Dillali ya zaro wata riga sabuwa fil. Ai kuwa riga ce! An jera mata jajayen layu, ga ƙananan madubai a ƙirji, ga geza tana lilo. Kada ku ɗauka zuciyar Anaruwa dutse ce. Ya so ta. Har sai da ya zura ta, ya ɗaga kafaɗa, ya ji kansa wani iri. Da ya ji kuɗin da aka sa mata, sai ya tuɓe a hankali, ya ninke, ya miƙa.

Jatau ya ce, "Ajiye, ajiye, kada ka sa mata warin talauci. Dillali, naɗe mini."

Aka kawo wa Anaruwa wata mai sauƙi, kyakkyawa a ido. Ya je jikin shinge ya ɓallo ƙayar aduwa, ya soka mata. Ƙaya ta wuce sumul kamar a ganye. Ya girgiza kai. Ya yi ta tono cikin tarin kaya, can ƙasa ya jawo wata tsohuwa, ta sha faci a kan faci, ta yi baƙi da maiƙo, warinta kuwa sai da dillali ya kau da fuska. Ya soka mata ƙaya. Ƙaya ta karye.

Ya ce, "Wannan fa?"

Dillali ya ce, "Wata baiwar Allah ce ta aiko da ita, ta ce duk yadda aka taya a sallama. Ɗauke ta ka raba ni da ƙudaje."

Ɗan abin da ke ƙulle ya isa, har ya yi saura ya sayi barkono da citta na yajin jego.

Da ya shiga gida Lanti ta toshe hanci ta ce, "Maigida, riga ka sayo ko mushe? Ba ni nan a jiƙa ta da ruwan toka, in ba haka ba ni da ɗana mu ƙaura."

Ya yi dariya ya ce, "Rufa mini asiri. Wa ya taɓa wanke rigar farauta?"

Gaskiyarsa kuwa. Maharba ba sa wanke ta. Hayaƙi da gumi da ganyen dawa su ne ke sa ta yi warin daji, nama ba ya jin mutum. Ran da ta sha wanki, tun daga nesa gada za ta ɗaga hanci ta arce. Ya rataye ta a bishiyar tsakar gida, sai in za shi daji ya sa, in zai yi salla ya tuɓe. Ku riƙe maganar warin nan, kanta labarin yake.

Ran farauta da sassafe ganga ta tashi, maharba suka yi jerin gwano zuwa ƙofar gari. Suna ratsa wata unguwa sai ga wani baƙin kare ya tsallako danga, guntuwar igiya a wuya, ya ratsa mutane, ya wuce kowa, ya zo ya dafe ƙirjin Anaruwa yana shinshina yana kuka. Ya kore shi, ya dawo. Ya ɗaga masa kere, kare ya kwanta a ƙafarsa yana kaɗa wutsiya.

Jatau ya tsaya, baki buɗe. Ya ce, "Kai! Wannan ai Guguwa ne, karen Baba Mantau! Tsaya in ga bayan rigar nan. Wallahi tasa ce, ga facin wurin da gwanki ya yage ta!"

Baba Mantau tsohon maharbi ne da ya yi tashe a zamaninsa, yanzu ido ya tafi, yana zaune sai 'yarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu, ke kula da shi. Ashe ita ce ta aika da rigar kasuwa da hatsi ya ƙare musu. Karen nan kuwa babu kamarsa a ƙasar, amma tun da ubangidansa ya makance bai yarda ya bi kowa daji ba. Yau ya ji warin rigar ta doshi dawa, sai ya tsinke igiya.

Ganga ta yi gaba, babu halin komawa. Haka suka shiga daji, kare na manne da shi. Duk sanda Guguwa zai zabura, Anaruwa ya yi masa bisimilla, ya bi shi da gudu da wuƙa ya yanka abin da ya kama. Kafin rana ta karkata kare ya kayar da gada, ya kayar da wata ƙosasshiyar barewa. Kibiyar Anaruwa kuwa zomo ɗaya ta samu, shi ma ramamme. Jatau da madubansa, da rana ta haska su sai nama ya watse, ya dawo yana zagin dillali.

Da la'asar aka taru gindin tsamiyar ƙofar gari, inda Sarkin Baka ke raba gardamar nama. Al'adar garin a fili take, abin da kare ya kama na wanda karen ya biyo ne. Sarkin Baka ya dubi barewa, ya dubi Anaruwa, ya ce, "Kai ya biyo, naka ne. Ɗauki."

Jatau ya ce, "Bawana ka tsinci sa'a! Ka sayi tsumma an yi maka gyara da kare!"

Aka fashe da dariya. Anaruwa ya murmusa, ya saɓi kayansa.

Ku saurara, nan ne wurin. Babu wanda zai zarge shi. Shugaba ya yanke, jama'a sun shaida, al'ada ta ba shi. Ga mai jego a gida da ya yi wa alkawari. Yana tafe barewa na yi masa nauyi a kafaɗa, zuciyarsa na cewa, ai ba sata ka yi ba, ai ba kai ka kira karen ba. Sai kuma ya dubi Guguwa yana tafe yana goga hanci a gefen rigar. Ya ce a ransa, wannan kare ba ni yake bi ba. Da na tuɓe rigar nan ko kallona ba zai yi ba. Wani ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo, ya hana cikinsa ya ba shi, ya koya masa daji. Ni me na yi?

Gidansa a kan hanya yake. Lanti na hango barewa ta rangaɗa guɗa duk da rashin ƙarfinta, ta ce, "Sannu da zuwa, sarkin maharba! Na janye maganata, rigar nan turare ce!"

Ya sauke zomo ya miƙa mata. Ya ce, "Wannan ne namu."

Ta ce, "Sauran fa?"

Ya gaya mata duk yadda aka yi. Jinjiri ya motsa ya fara kuka. Ta ce, "Maigida, Sarkin Baka ya ce naka ne."

"Ya faɗa."

"To kai wa ya fi ka buƙata?"

Ya ce, "Wadda ta sayar da rigar ubanta don su ci. Lanti, riga na saya. Dillali bai ambaci kare ba. Naman nan nono zai zama, ɗanmu ya sha. Ba na so tsokarsa ta farko ta tsiro da abin da nake shakka."

Hawaye ya cika mata ido, ba ta ɓoye ba. Ta juya zomo a hannu ta ce, "Wannan ma da alama jego yake yi. Je ka, kafin in sake shawara."

Ya tarar da Baba Mantau zaune a zaure kan buzu, guntuwar igiya a hannunsa yana murzawa. Kafin ya gama sallama kare ya faɗa jikin tsoho. Tsoho ya rungume shi, ya ɗaga hanci sama, ya ce, "Wane ne ya shigo mini da rigata?"

Tabawa, da ta leƙo daga cikin gida, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini, ni ce..."

Ya ce, "Yi shiru, 'yar nan. Tun ran da na laluba ban ji ta a marataya ba na sani. Na kuma san tuwon da na ci a ranar daga ina ya fito. Riga ban yi kukanta ba. Amma yau da na laluba na ji igiya babu kare, na ce shi ke nan, Mantau, har karenka ya gane ka gama amfani."

Anaruwa ya tsuguna ya ce, "Baba, ni ne Anaruwa, ni na sayi rigar. Karenka bai guje ka ba. Warinka ya ji ya nufi dawa, ya ɗauka kai ne ka tashi. Kai ya bi, Baba. Kai ya yi wa farauta yau. Ga abin da ya kamo maka."

Ya kama hannun tsoho ya ɗora kan barewa. Hannun nan ya bi ƙaho, ya bi wuya, ya tsaya inda haƙorin kare ya kama. Ya daɗe a wurin. Gemu ya jiƙe.

Can ya ce, "Yaro, ka san al'ada ta ba ka?"

"Na sani, Baba."

"Kana da iyali?"

"Mai ɗakina na jego."

Tsoho ya daka tsawa kamar yana tsakiyar dawa, "Jego! Ka bar mai jego da yunwa ka kwaso mini nama? Tabawa, wuƙa!" Da lalube ya feɗe barewar nan, hannu bai manta ba, ya cire cinya da gadon baya da hanta ya tura gabansa. Anaruwa ya buɗe baki, tsoho ya ce, "Ba kai na ba, 'yata mai jego na ba. Ɗan aike ba ya mai da saƙo. Kuma daga yau duk fita ka biyo ta nan ka ɗauki Guguwa da izinina, abin da ya kama mu raba. Sharaɗi ɗaya, kada matarka ta kusanci rigar nan da ruwa."

Kafin magariba ƙamshin gashi ya tashi a gida biyu. Lanti ta ci ta ƙoshi da halaliyarta, nono ya dawo. Shekaru suka bi, gumin Anaruwa ya yi ta hawa kan na tsoho a jikin rigar, har ranar da Baba Mantau ya koma ga Mahaliccinsa. Aka dawo daga maƙabarta, Anaruwa sanye da farar rigarsa ta salla, ba ta farauta ba, sai ga Guguwa, ya tsufa yana ɗingishi, ya biyo shi har gida.

To jama'a, ga abin da ke ciki. Ba duk abin da mutane suka ce naka ne yake zama naka a wurin Allah ba. Mutane bayan abu suke gani, zuciyarka ita ta san cikinsa. Bawan Allahn nan bai ji kunyar sayen riga daidai ƙarfinsa ba, bai kuma yarda ya ci abin da cinikinsa bai ƙunsa ba, alhali yana cikin tsananin buƙata. Ke da kika ari tukunya aka manta da ludayi a ciki, ke da akuyar maƙwabciya ta saba da turkenki har ta haihu a can, kai da ka sayi gona ka tarar da shukar marayu a gefenta, kowa ya tambayi kansa, me na saya, me kuma ya biyo ni don warin wani? Abin da ya biyo, a mai da shi ƙofar mai shi, ko da babu mai tambaya. Wanda ya mayar, in ya dawo masa ya dawo da albarka, in bai dawo ba yana ajiye inda ba ya ɓata. Allah ya ciyar da mu da 'ya'yanmu halal, ya ba mu zuciya irin ta Anaruwa. Ku ce amin.