Kiran Mahbub Da Bashari Ya Amsa

Akwai wani mutum a Gwarzo mai suna Bashari. Shekararsa goma sha uku yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke kai wa manoma iri da taki. Babu ƙauyen da bai taka ba daga Mainika zuwa Jama'a, kuma manoma da yawa ya san su har da sunan iyayensu.

A shekarar da aka cire tallafin mai, abubuwa suka tsaya wa kowa. Taki ya yi tsadar da manomi sai ya sayar da dabba kafin ya ga buhu ɗaya. Kamfanin ma ya fara maganar rage ma'aikata.

A cikin wannan hali ne shugabar ofishin, Hajiya Gwamma, ta ɗauko wani ma'aikaci daga reshensu na Kabo, sunansa Mahbub. Ta damƙa masa rijistar manoma, wadda aka riga aka ɗauke ta daga takarda aka mayar cikin kwamfuta. Sunan kowane manomi na ciki, da lambar wayarsa, da lambar katinsa na ɗan ƙasa, da inda gonarsa take.

Tun ranar Bashari ya fara jin haushinsa.

Shi ne fa ya tara sunayen nan, gona-gona, a kan babur. Yanzu ga wanda bai kai shi shekaru ba zaune a kan teburin da ke ƙarƙashin fanka, Hajiya tana ta kiran Mahbub kaza, Mahbub kaza.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne halayen Mahbub ɗin. Ko alwala zai fita sai ya kulle kwamfutarsa. Bai taɓa barin wani ya soka filas ɗinsa na kwasar bayanai a ciki ba. Ya sa aka ba kowa tasa kalmar sirri ta shiga rijista, ya kuma saita ta yadda ba za a shiga ba sai an turo wa mutum lambobi shida a wayarsa.

Wata rana ya tsaya a gaban teburin Bashari cikin ladabi ya ce, "Malam Bashari, takardar nan da ka liƙa kalmar sirrinka a jiki, da ka cire ta. Kuma lambobin da ake turowa, kada ka karanta wa kowa, ko ni ne na tambaye ka."

Bashari bai ɗago ba. Ya ce, "Kana makaranta nake aikin nan. Mu ɓarayi ne da za ka dinga kulle-kulle a gabanmu?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba, Malam."

"To je ka, na ji."

A gida ma matarsa Asibi ta gaji da jin sunan Mahbub. In ta kawo abinci, Mahbub. In ta yi zancen makarantar yara, sai zancen ya juya ya koma kan Mahbub. Har wata rana ta ce, "Malam, bawan Allahn nan ya taɓa yi maka wani abu kuwa?"

Ya laluba a ransa, bai samu ba. Rashin samun ne ma ya ƙara masa haushi.

Ran wata Talata Mahbub ya tafi Kabo duba aikin reshe, aka bar wayar ofis a hannun Bashari. Da hantsi ta yi ƙara. Muryar wani mutum ce mai natsuwa, ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya ce daga wata ƙungiyar tallafa wa noma yake kira, yana neman mai kula da rijistar manoma.

Bashari ya ce, "Mahbub ke nan. Ba ya nan."

"Kash. An zaɓi ofishinku ne, mutum ɗaya zai je bita Abuja ta mako biyu, da masauki da satifiket. Yau ake rufewa. To bari na ba wani ofishin gurbin."

Nan take Bashari ya shiga lissafi. Ya hango Mahbub ya dawo daga Abuja da satifiket a hannu, ana rage ma'aikata, shi kuwa ana miƙa masa takardar sallama. Ya leƙa ƙofa, babu kowa. Ya rage murya.

"Ai ni ne gaba da shi. Ni na haɗa rijistar tun farko. Ba za a iya sa sunana ba?"

Mutumin ya ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ya ce, "Tunda kai ne babba, ai kai ka fi cancanta, ranka ya daɗe."

Shekara guda ke nan Bashari yana jiran wani ya faɗa masa wannan maganar.

Aka turo masa link, wato adireshin wani shafin yanar gizo. Shafin ya buɗe da hoton gona kore shar, ya nemi sunansa, da adireshin rijistar, da kalmar sirrin da yake shiga da ita, wai don a tabbatar shi ma'aikaci ne. Ya cike duka. Sai ga lambobi shida sun shigo wayarsa. Gargaɗin Mahbub ya faɗo masa a rai, amma da ya tuna daga bakin wa ya fito, sai ya karanta wa mutumin lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Ya kwafi lambar mutumin a wayarsa, sannan ya goge ta daga wayar ofis don kada Mahbub ya gani. Ranar ya koma gida yana fara'a, har Asibi ta tambaye shi ko an yi ƙarin albashi ne.

Washegari ya kira lambar don jin ranar tafiya. A kashe. Ya sake kira da azahar. A kashe. Nan ya gane abin da ya faru. Mahbub ya dawo, ga shi zaune taku uku daga teburinsa. Kalma ɗaya zai faɗa masa a rufe wa ɓarayin ƙofa. Amma ya je ya ce da Mahbub me? Ya yi shiru.

Ran Asabar aka fara kiran manoma. Mai kiran yana ambatar sunan mutum, da ƙauyensu, da girman gonarsa, sannan ya ce, "Mahbub ne daga ofis. Takin tallafi ya iso, karanto min lambobin katinka na banki a sa ka a layi."

Da yawa sun yi shakka suka kashe waya. Amma wani dattijo a Mainika, Malam Baƙo, ya yarda. Wanda ya san gonarka da lambar katinka na ɗan ƙasa, ta yaya za ka ce baƙo ne? Awakinsa biyu ya sayar don taki, ya ajiye kuɗin a banki. Kafin la'asar babu komai a ciki.

Ran Litinin ya zo ofis da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a nuna masa Mahbub. Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallonsa.

"Yaro, ban san fuskarka ba sai yau. Amma na kai ƙararka gaban alƙali. Ka je ka dafa Alƙur'ani ka ce ba kai ba ne."

Mahbub ya durƙusa ya ce, "Baba, wallahi ban kira ku ba." Dattijon ya juya ya tafi.

Labari ya zaga gari. A shagon mai shayi ana cewa ɗan Kabon nan da ke ta kulle kwamfuta ashe shi ne ɓarawon. Hajiya Gwamma ta ce wa Mahbub ya binciko mata yadda bayanan suka fita, in ba haka ba babu abin da za ta iya yi masa.

Bashari yana gefe yana ji. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, a ƙasan fargabar da yake ciki, ya tarar da wani ɗan daɗi. Yau ga Mahbub kansa a sunkuye. Ya yi ta a'uziyya a zuci, amma daɗin bai tafi ba, bakinsa kuma bai buɗe ba.

Bayan sallar la'asar, yana ɗaure takalmi a ƙofar masallaci, sai Mahbub ya zo ya tsuguna kusa da shi. Idanunsa sun yi ja.

"Malam Bashari, rijistar tana ajiye bayanin duk wanda ya shiga. Ran Talata da hantsi an shiga da sunanka, daga wata na'ura da ba tamu ba, aka kwashe komai. Na rufe hanyar, na tura wa manoma saƙo kada su ba kowa lamba."

Bashari ya kasa haɗa ido da shi.

"Dole na kai wa Hajiya wannan, amanar mutane ce. Gobe da safe zan kai. Amma na fi so ka riga ni shiga. In daga bakinka ta ji, ba ɗaya ba ne."

"Me ya sa ba ka faɗa a gaban kowa ba? Ana ta zaginka."

"Na san yaudararka aka yi, ba sayarwa ka yi ba. Abin da ya dame ni kawai, da ran Laraba ka faɗa min, da mun gargaɗi mutane kafin a kira Baba Baƙo."

Bashari ya ce a hankali, "Kai aka kira. Bita aka ce, a Abuja. Na ce a sa sunana."

Mahbub ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya miƙe ya koma ofis. Da ya zage shi, da Bashari ya fi samun sauƙi.

Da safe Bashari ya riga kowa zuwa. Ya faɗa wa Hajiya komai, har da goge lambar da ya yi. Ranar da aka zauna gaban alƙali, kafin a kira Mahbub rantsuwa, ya miƙe ya maimaita a gaban jama'a. Aka wanke Mahbub. Alƙali ya ce sakaci da amana yana da hukunci, ya ɗora wa Bashari rama wa dattijon asararsa a hankali. Masu kiran kuwa ba a same su ba.

Hajiya ba ta kore shi ba, saboda Mahbub ya roƙa, amma ta cire shi daga rijista ta mayar da shi sito. Da aka tashi naɗa mataimakin shugaba a ƙarshen shekara, babu wanda ya yi musu da aka ambaci Mahbub.

Sai dai damina ba ta jira kowa ba. Kafin Bashari ya iya kai wa Malam Baƙo buhun taki na farko, lokacin zuba taki ya wuce. A watan Agusta aiki ya bi da shi ta Mainika. Gonakin maƙwabta sun yi duhu, masara ta fi mutum tsawo. Ta Malam Baƙo kuwa iya gwiwa, ganyen ya yi rawaya.

Dattijon yana ciki yana cire ciyawa. Bashari ya kafe babur, ya cire takalmi, ya shiga ya kama kunya ɗaya. Malam Baƙo ya dube shi, bai kore shi ba, ya ci gaba da cire ciyawarsa. Haka suka yi ta aiki har aka kira azahar.

Darasi: Ɓarawon yanar gizo ba kwamfutarka yake fara nema ba, rauninka yake nema, ko kwaɗayi, ko gaggawa, ko hassada. Kada ka rubuta kalmar sirrinka a link ɗin da aka turo maka. Kada ka karanta wa kowa lambobin da suka shigo wayarka. In ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, domin bayanan da ke hannunka rayuwar wasu ce. Kuma gyara in ya zo daga wanda kake jin haushinsa, gyara ne dai. Ku tura wa abokan aikinku da iyayenmu na karkara, wataƙila gobe su za a kira.