Maganin Tumbin Hakimi

Wani hakimi ne tumbi ya hana shi ganin takalminsa, sai ya sa aka kira Tabawa mai sayar da saiwoyi.

Ya ce, "Maganin rage ƙiba nake so. Ba zan rage tuwo ba, ba zan taka ko'ina ba. In bai yi aiki ba, ki bar garin nan."

Ta miƙa masa ƙullin garin zogale. "Ranka ya daɗe, sharaɗinsa ɗaya: sai kana jin yunwa za ka sha."

Bayan wata guda ya kira ta yana huci. "Tumbi na nan!"

"Ka sha kuwa?"

"Ina fa! Yunwar ba ta zo ba."

Tabawa ta ce, "Ai ta zo, ranka ya daɗe. Tana bakin ƙofa, akushi ne ya tare mata hanya."