Tsumman da Irimiya Ya Cusa a Bututu

A wani gari na bakin tafki, an yi wani mutum mai suna Irimiya. Shi da ƙanensa Barnaba kowa yana da jirgin ruwa mai tafiya da iska, suna hayewa da mutane zuwa ƙetare. Tafiyar da nisa, don haka kowane jirgi yana da ɗan makewayi, da tanki a ƙarƙashinsa inda ƙazanta take taruwa, da siririn bututu da ya leƙa waje domin tankin ya sha iska.

Barnaba yakan kwashe tankinsa duk sa'ad da ya sauke mutane. Ya kai ramin bayan gari ya juye, ya wanke da toka da sabulu, ya zura kara a bututun don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Irimiya kuwa ya ce wannan ba aikin babba ba ne.

Sannu a hankali mutane suka koma jirgin Barnaba. Kishi ya kama Irimiya, har gaisuwar ƙanensa ya daina amsawa. Yana cewa shi ya koya wa yaron nan tuƙi, yau kuma shi ake yabo. Ya shafa wa jirginsa sabon fenti, ya sayo turaren wuta. Da ya ji wari yana fita ta bututun, sai ya cusa masa tsumma. Tambayar ƙane kam, ya ce gara ya mutu.

Ana nan sai zumuntar mata ta coci za su taro a ƙetare. Shugabarsu, Mama Tabita, ta tausaya wa Irimiya ta ce a shiga jirginsa. Irimiya ya yi murna ƙwarai, ya wuce gaban Barnaba yana ɗaga kai.

Da rana ta take, suna tsakiyar tafki, tankin ya ɗauki zafi. Warin ya rasa mafita, ya dawo ta makewayi, ya gauraye da turaren. Waƙar da matan suke yi ta tsaya, kowacce ta toshe hanci da gyale.

Mama Tabita ta ce, “Ɗana, juya ka mai da mu.”

A bakin gaɓa Barnaba ya matso, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Yaya, tsumman nan ne. Bari in cire, mu wanke tankin tare.”

Irimiya ya ture masa hannu. Matan suka shiga jirgin Barnaba, shi kuwa ya zauna shi kaɗai a nasa, ya ƙara turare a kasko.

Yara, ga abin da misalin yake nufi. Tankin nan zuciya ce, ƙazantar kuwa kishi ne. Turaren shi ne murmushin da muke yi wa juna ranar Lahadi, alhali ciki yana ƙuna don an yabi wani. Tsumman girmankai ne, wanda yake hana mu faɗa wa Ubangiji gaskiya. Kishin da aka toshe ba ya mutuwa, yakan fito a ranar da ba mu so. Ku juye shi gaban Ubangiji kowace rana. In kuma wanda kuke kishi da shi ya miƙo hannu, kada ku ture.