Makullin Malam Sallau

An ce wai an yi wani ɗan kasuwa a Zariya, Bakano, sunansa Alhaji Mudi, wanda hajarsa ba a ɗaukarta a ka, ba a auna ta a mudu. Sana'arsa ita ce ajiye wa ƙananan asibitoci bayanan marasa lafiyarsu: sakamakon gwajin jini, da sunan cuta, da maganin da aka rubuta, da irin maganar da mutum ba ya faɗa wa likita sai ya waiga ya ga ba kowa. Asirin mutum dubu arba'in ne a hannunsa. Amma ka shiga ofishinsa, ko takarda ɗaya ba za ka gani ba. Duk suna cikin wasu manyan na'urori na haya a wata ƙasa mai nisa, waɗanda masu sana'ar ke kira gajimare, ko da yake ba a taɓa jin ya zubar da ko ɗigon ruwa ba.

Shiga wannan rumbu ba da ƙafa ake yi ba. Mutum zai zauna gaban kwamfuta, ya buɗe wani baƙin allo da ba hoto ba ado, ya rubuta umarni layi ɗaya, ya danna. In yana da makulli ƙofa ta buɗe, in ba shi da shi ta tsaya ƙyam. Makullin kuwa ba na ƙarfe ba ne, wasu dogayen haruffa ne da ke ajiye a cikin kwamfutar mai shi. Akwai ƙananan makullai, kowanne da ɗakin da yake buɗewa. Akwai kuma babba, mai buɗe ko'ina, wanda mai riƙe da shi zai iya karanta komai, ya kwafe komai, ya share komai.

Wanda ya gina wannan rumbu tun daga tushe shi ne Malam Sallau, Bazazzagi, sa'an Alhaji Mudi kuma abokin wasansa. Shekara goma sha biyar ya yi yana tsaronsa, har idonsa ya soma rauni, ya ajiye aiki, ya miƙa wa ɗalibarsa Kubura. Ita Kubura ta zo hannunsa ko harafi ɗaya ba ta iya rubutawa a baƙin allon nan ba. Shi ya koya mata, shi ya tsaya mata ranar da ta yi kuskuren da ya kusa cin aikinta, har 'ya'yanta uku suna kiransa Kaka. Sai dai da ya ajiye aikin bai ajiye makullin ba, kuma ba wanda ya ce masa ya ajiye. Wa zai fara? Kowace Alhamis da hantsi sai ya zo da tsohuwar kwamfutarsa a jaka, a kawo masa shayi, ya buɗe allon, ya rubuta umarni ɗaya don ya ga na'urorin suna lafiya. Ba ya taɓa komai. Gaisuwa ce kawai, irin ta manomin da ya bar wa 'ya'yansa gona amma bai daina zagaya ta ba.

Ana nan, wata Alhamis ya zo yana ta yabon wani mai gyara a kasuwa, wai kwamfutar ta mutu masa, ya kai ta, ta yi kwana uku a shagon, ga ta ta dawo garau. Kubura na jin haka sai ta ajiye abin da take yi. Kwana uku babban makulli yana kan teburin wani baƙo, a shagon da kowa ke shiga! Ta yi maza ta duba littafin shiga da fita, inda na'urar ke rubuta sunan duk makullin da ya buɗe ƙofa da lokacin da ya buɗe. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya shiga. Amma wa ya san ko an kwafe shi an ajiye sai wata rana? Nan take ta roƙi Malam ya bari ta sauya masa makullin da sabo, ya yarda. Da ta ɗan gewaya ta taɓo maganar ko zai huta da riƙe shi gaba ɗaya, sai ya yi dariya.

Ya ce, "Kubura, ni za ki koya wa tsaron ƙofa? Ai ni na kafa ta."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Baba."

Bayan ya tafi ta buɗe allon, ta rubuta umarnin da zai soke makullin. Layi ɗaya ne, bai kai kalma goma ba. Saura ta danna kawai. Ta zuba masa ido har shayinta ya huce, sannan ta goge shi harafi harafi. Kashegari ta sake rubutawa, ta sake gogewa. Gaba kura baya sayaki: in ta danna, ta ci mutuncin mutumin da ya mai da ita mutum; in ta bari, ta ci amanar bayin Allah dubu arba'in da ba su san ta ba, ba su san shi ba, suka dai yarda cewa abin da suka faɗa wa likita ya tsaya a wurin likita. Ta san a cikinsu akwai matar da aurenta zai iya mutuwa saboda layi ɗaya na gwajin jini, akwai magidancin da zai kasa fita masallaci in unguwa ta ji ciwonsa. Abin ya dame ta ƙwarai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Da ta ga ba sarki sai Allah, ta tafi wurin Alhaji Mudi ta zayyana masa komai. Ta kuma kawo shawararta, wadda ta ɗauka dabara ce: ta soke makullin a ɓoye, in Malam ya zo ƙofa ta ƙi buɗewa, sai a ce masa na'urar ce ta sami matsala.

Alhaji mutum ne da ba ya gaggawar amsa. Ya ɓare goro, ya ci rabi, ya mai da rabi aljihu, sannan ya ce mata wannan shawara ba ta karɓu ba. Na farko ƙarya ce. Na biyu, mutumin da ya gina ɗaki ba a ɓoye masa inda aka toshe, minti biyu ya ishe shi ya gane hannu ne ya yi, kuma ranar da ya gane, ciwon zai zama biyu: an karɓe masa makulli, an kuma mai da shi yaro. Daga nan ya tambaye ta manyan makullai nawa ne a gidan gaba ɗaya. Ta ce uku ne, nata, da na Malam, da nasa.

"Nawa?" in ji Alhaji. "Ni ina da makulli?"

Ta ce yana da shi, tun ranar da aka kafa rumbun aka yanka masa don girmamawa, yana cikin kwamfutarsa, kuma littafi ya nuna bai taɓa buɗe ko ƙofa ɗaya da shi ba. Alhaji ya yi murmushi. Ya ce ta je ta kwantar da hankalinta, kada ta taɓa komai, ran Alhamis ta tara masa ma'aikata duka, ta kuma haɗa allon da babban bangon ɗakin taro yadda kowa zai ga abin da ake rubutawa.

Alhamis ta zo. Malam Sallau ya shigo da jakarsa, shi da Alhaji suka taɓa wasan da suka saba, wannan ya ce Bazazzagi bai iya ciniki ba, wancan ya ce Bakano zai sayar da inuwarsa in ya sami mai saye. Da aka natsa, Alhaji ya gyara zama.

Ya ce, "Malam, ƙara na kawo maka, kuma kaina na kawo ƙara. Jiya-jiyan nan na ji wai ina riƙe da makullin da ke buɗe asirin mutum dubu arba'in. Ni da ban san gaban baƙin allon nan da bayansa ba. Kwamfutar tawa tana yini a mota, tana zuwa Kano, tana zuwa biki, hannun da bai taɓa ta ba kaɗan ne. Kai ne malamin gidan nan. Mutumin da aikin ɗaki ba ya hannunsa, amma makullin ɗakin na aljihunsa, mene ne hukuncinsa?"

Malam Sallau bai ko tsaya tunani ba, don karatun da ya shekara goma sha biyar yana biya wa ɗalibai ne. Ya ce a karɓe makullin, yau ba gobe ba.

Alhaji ya ɓata fuska kamar an yi masa rashin adalci. Ya ce ashe zarginsa ake yi, shi da ya kafa gidan da guminsa?

"Ba zargi ba ne, Mudi," in ji Malam, har yana ɗaga yatsa. "Ƙofar nan ba ta san fuska ba, ba ta san furfura ba, ba ta san wanda ya yi mata wahala ba. Makulli kawai ta sani. Duk wanda ya zo da shi, ko ɓarawo ne, a wurinta kai ne. Amanarka tana ƙirjinka, makullin kuwa yana cikin jaka, kuma jaka ake sacewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba."

Alhaji ya ce ya karɓi hukunci. Amma akwai saura: duk ɗakin nan ba mai iya soke makullin maigida, kunya ba za ta bar su ba, har Kubura ma. Tun da Malam ne ya yanke, shi zai zartar.

Malam ya sa tabarau, ya ja kujera, ya rubuta umarnin da ke jero masu riƙe da babban makulli. Sunaye uku suka fito a bango, manya-manya, kowanne da ranar da ya yi aiki na ƙarshe, ban da na Alhaji da bai taɓa yi ba. Ya rubuta umarni na biyu, ya danna, sunan Alhaji ya ɓace. Ya sake jero su don ya tabbatar, kamar yadda ya koya wa kowa. Saura biyu: Kubura, da Sallau.

Ba wanda ya dubi Malam, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Kubura kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malam ya daɗe yana duban sunansa a bango. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya juya ya dubi abokinsa.

Ya ce, "Bakano, ka ɗaure ni da rawanina."

Alhaji ya ce, "Ni ban ce komai ba, Malam. Ƙarata na kawo, an kuma yi mini adalci."

Malam ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, don abin ya yi masa zafi, bai kuwa ɓoye ba. Ya ce ba ikon ne yake jin rabuwa da shi ba, gaisuwar Alhamis ce. Ya kuma ce wa Kubura ya san tun makon jiya maganar nan ke bakinta, shi ne ya toshe ta da dariya, ta yafe masa. Daga nan ya rubuta layin nan da ita ta rubuta sau biyu tana gogewa, ya yi bisimilla, ya danna da hannunsa.

Da sunan Kubura ya rage shi kaɗai, sai malantar ta motsa. Ya ce wannan ma bai yi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a bar babban makulli ya zauna a jakar kowa, ko ita. Duk ranar da aiki ya buƙace shi, a yanka sabo da yardar mutum biyu, a rubuta dalili, in aikin ya ƙare ya mutu da kansa. Kubura ta ce wallahi ya sauke mata kaya. A zaman nan aka tsara haka, shi yana faɗa, ita tana rubutawa, kamar shekarun baya.

Alhamis ta zagayo, sai ga Malam da jakarsa, don ƙafa ta riga ta saba. Kubura ta kawo masa shayi, ta ce ta yanka masa wani ɗan makulli da ba ya buɗe ɗakin kowa, taga ce kawai, yana nuna ko na'urorin suna lafiya, kuma da la'asar yake mutuwa. Ya rubuta umarninsa na kullum, ya ga komai lafiya lau, ya gyaɗa kai. Sai kuma hannu ya bi sabo, ya rubuta umarnin shiga babban ɗaki. Allon ya amsa masa da layi ɗaya, cewa ba shi da izini.

Malam ya matso da fuskarsa ya karanta, ya koma ya jingina, ya kurɓi shayinsa.

Ya ce, "Ƙofar ta hana ni. Madalla. Ashe na gina ta da kyau."

Shi ya sa masu hankali suka ce, in gaskiya ta yi wa babba nauyi, kada ka ɗora masa ita, kada kuma ka ɓoye masa. Ka ba shi kujerar alƙali, ka fara miƙa naka wuyan. Hukuncin da mutum ya yanke da bakinsa ba ya rasa ƙarfin ɗaukarsa, kuma amana ba ta cika sai mai tsaron ƙofa ya yarda ƙofar ta tsare shi.