Haƙƙin Mai Gyaran Gado

Baba, wata biyar ke nan da ka tafi, kuma har yanzu in na shimfiɗa zanin gado sai in ji kamar kana tsaye a bayana kana duba kusurwa. Yau zan ba mutanen shafin nan labarinmu, amma kamar na wasu zan ba da shi. In na ce "ni", hannuna ba ya iya riƙe waya.

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran ɗakuna a wani babban otal. Abokan aikinsa Baba Hawa-huɗu suke ce masa, don a hawa na huɗu ya fara aiki, a can kuma ya ajiye shi.

A bangon barandar hawan akwai wani babban hoto na ƙarƙashin teku, ruwa shuɗi da kifaye masu launi iri-iri. Kullum shi yake goge gilashinsa. Yakan ce wa 'ya'yansa kifayen nan duk sun san fuskarsa, shi ne dai bai taɓa zuwa gaishe su a gidansu ba.

Shekara guda bayan ya ajiye aiki, likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Bai faɗi kwana nawa ya rage ba, amma yadda ya sunkuyar da kai yana rubutu ya ishi mai hankali.

'Ya'yansa uku ne, mata biyu da auta namiji. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Matan suka haɗa abin da suke da shi, babbar har da keken ɗinkinta na biyu ta sayar, suka saya masa tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, na kwana bakwai. Ɗaki mafi araha suka kama, wanda ko taga babu. Aka ce autan ya raka shi.

Autan mai gyaran waya ne. Karatunsa bai yi nisa ba, amma tun yana ƙarami ko ashana aka aike shi saye sai ya ƙirga tsinkayen, shi ya sa kowa a gidan ke ce masa Akawu. Shi aka danƙa wa kuɗin kashewa, ɗari biyu da tamanin a irin kuɗin da jirgin ke karɓa.

Ya samu bayan wani kwali, ya ja layi huɗu. Ɗari da sittin na ƙaramin jirgi mai ƙasan gilashi, wanda ake shiga a wani tsibiri ran kwana na biyar a ga kifaye, tamanin-tamanin kowane mutum. Arba'in kuɗin mota zuwa gida. Hamsin tsaraba. Talatin na ko-ta-kwana.

Baban ya karɓi kwalin, ya nesanta shi da ido, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambaya ina layin masu hidima. Akawu ya yi dariya, ya ce ai wannan ba otal ɗinsu ba ne, komai yana cikin tikiti, ya karanta a waya.

"To, ranka ya daɗe Akawu," in ji tsohon, ya miƙa masa kwalinsa.

Ranar da suka shiga jirgi, aka karɓi kuɗin a kantar karɓar baƙi aka zuba musu a kati. Aka ce duk abin da suka kashe za su gani a talabijin ɗin ɗakinsu.

Mai gyaran ɗakinsu wani magidanci ne mai furfura a gashin baki. Ba ya jin yarensu, su ma ba sa jin nasa. Washegari da ya shigo da zannuwa a kafaɗa, ya tarar da gado biyu a gyare sumul, kusurwoyi a naɗe kamar bakin ambulan. Ya tsaya, ya duba lambar ƙofa ko ya yi ɓatan kai. Tsohon ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga yatsu goma sau uku, ya ƙara ɗaya. Mutumin ya kama baki, ya nuna nasa ƙirjin, ya ɗaga goma da tara. Daga ranar Baba ya sa masa suna Ƙanena.

Akawu ya yi ta mita, wai sun biya kuɗi don a yi musu aiki, ga shi Baba yana yi wa jirgi aiki kyauta. Tsohon ya ce hannu ne, ba ya jin magana.

A wannan safiyar Akawu ya kunna talabijin, ya ga an cire talatin alhali ko ruwan kwalba ba su saya ba. Ya sauka kanta da kwalinsa a hannu. Matar da ke wurin ta yi masa bayani a hankali: kuɗin hidima ne, sha biyar a kan kowane mutum kullum, ana raba wa masu gyaran ɗaki da masu kai abinci da masu wanki.

A tsaye ya yi lissafin. Kwana bakwai, ɗari biyu da goma. Saura saba'in. Ko mutum ɗaya ba zai shiga jirgin gilashi ba, kuma ya san Baba ba shi da wata tafiyar bayan wannan.

Wani mai ƙaton tumbi da ke bayansa a layi ya taɓa shi, ya ce kada ya damu, fom ake cikewa a soke, shi tafiyarsa ta shida ke nan bai taɓa biya ba. Akawu ya cike fom ɗin. Matar ta buga hatimi. Daga nan Akawu ya wuce kanta ta gaba ya yanki tikitin jirgin gilashi guda biyu, ya ɓoye a aljihu.

Ran kwana na uku da hantsi, suna ɗaki, ya fito da su ya ɗora wa Baba a cinya. Tsohon ya shafa hoton kifin da ke jikin tikitin da babban yatsa, fuskarsa ta yi haske kamar ta yaro. Can sai ya ɗago ya dubi talabijin. Rubutu yana ba shi wuya, amma lamba ba ta ɓace masa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karanta lambar ƙofa. Ya ce jiya ya ga talatin a wurin nan, yau ina ta tafi?

Akawu ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. Ya faɗi komai. Ya ƙara da cewa ai suna da albashi, kuma jirgi mai mutum dubu uku, wa zai lura da sha biyar ɗin mutum biyu?

Baba bai yi faɗa ba. Ya buga gefen gado, ya ce ya zauna.

"In na shiga ɗakin da baƙo ya tashi," ya ce, "komai nakan gyara, banɗaki, shara, madubi, amma filo sai a ƙarshe nake ɗagawa. A nan masu kirki suke barin ɗan ihsani. In na ɗaga da wuri na ga babu, sauran aikin nauyi yake yi mini. Gara in yi shi ina sa rai."

Ya ɗan huta, don numfashi ya fara yi masa wuya. Sannan ya ce shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Akawu asibiti, albashi ya ƙare tun ran sha biyu ga wata. Kuɗin allurar da ta tashe shi, daga ƙarƙashin filon wata baƙuwa suka fito, wadda ko sunanta bai sani ba.

"Da irin kuɗin da ka soke aka raine ka, Auta. Ƙanena ma yana da wani Akawun a gida. Ba zan iya leƙa kifi ta cikin haƙƙinsa ba."

Akawu ya ce, "Baba, ba za mu sake zuwa ba fa."

"Na sani. Ni likitan ya duba, ba kai ba."

Saukowar da Akawu ya yi zuwa kanta ta fi kowace tafiya tsawo a rayuwarsa. Ya mayar da tikiti, aka dawo masa da kuɗi don da sauran kwana biyu. Ya je gaban matar nan ya ce a mayar da abin da ya soke. Ta ɗago ta dube shi, ta yaga fom ɗin biyu, ta jefa a kwando.

Ran kwana na biyar jirgi ya tsaya a tsibirin, mutane suka yi ta sauka da huluna da tabarau. Su biyu suka tsaya a sama suna kallon ƙananan jiragen suna yanka ruwa. Akawu ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Da rana ta yi zafi suka koma ɗaki.

A nan Ƙanena ya same su. Bai san komai game da fom ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Ya dai ga duk baranda ta watse sai tsohon nan a zaune bakin gado. Ya yi musu alama su jira. Jim kaɗan ya dawo da shugabarsu, wata doguwar mata mai tarin makullai a ƙugu. Ta duba kusurwar gadon, ta sa yatsa ta ja, zani bai motsa ba. Ta ce su biyo ta.

Can ƙasan jirgi aka kai su, ɗakin wanki, inda baƙi ba sa shiga sai da izini. Akwai wani inji mai tsawon mota biyu, a sa masa jiƙaƙƙen zani ta nan, ya fito ta can a bushe, a goge, a ninke. Baba ya tsaya baki buɗe. Ya ce wa Akawu da wannan abin yana hawa na huɗu, da bayansa bai lanƙwashe ba.

Ma'aikata suka taru, aka jawo katifa, shugabar ta miƙa masa zani. Tsohon ya karɓa, ya kaɗa shi sau ɗaya, zanin ya tashi ya sauka daidai kamar an auna. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofi bai yi rawa ba. Kusurwa huɗu, kafin a ƙirga ashirin ya gama. Wurin ya ɗauki tafi. Suka sa ya maimaita har sau uku, matasan cikinsu suna kwaikwayo suna kasawa, ana yi musu dariya. Aka kawo masa kujera, aka zuba masa shayi, mutum goma suna tsaye shi yana zaune.

Da za su rabu, Ƙanena ya haɗa hannu biyu yana roƙo, yana nuna sama, yana nuna kansa. Baba ya gane. Washegari, karo na farko, ya tashi ya bar gadonsa a yamutse. Da suka dawo daga karin kumallo ya kwanta a kan shimfiɗar da wani ya yi masa, ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido.

"Ashe haka baƙi suke ji," ya ce.

Da suka koma gida, yayyen Akawu suka kewaye tsohon suna tambayar kifaye. Ya ce gwiwa ce ta hana shi sauka, tsufa ba ya jin rarrashi. Da babbar ta juya za ta tuhumi Akawu, ya tare ta, ya ce ba a taɓa riƙe masa kuɗi da amana kamar yadda autansa ya riƙe ba. Sai ya shiga ba su labarin injin ninke zani da tafin da aka yi masa. Labarin da ya yi ta bai wa duk wanda ya zo duba shi ke nan, har safiyar da ya cika.

Har yanzu in an tuna shi, yayyen sukan ce, Allah sarki Baba, da ba don gwiwar nan ba.

Darasi: In za ka tsara kuɗin tafiya, ko na biki, ko na kowane jin daɗi, fara ja layin wanda zai yi maka hidima kafin ka ja naka. Abin da kake gani canji ne, a wani gidan shi ne kuɗin allura. Ku tura wa duk wanda ke shirin tafiya, da duk wanda guminsa ya raine ku in yana raye. Allah ya jiƙan iyayenmu. Ni dai a gida, maganar gwiwar nan, ban gaya wa kowa gaskiyarta ba tukuna.